KOWANE LITTAFI DA RANARSA: TSOKACI A KAN TASKAR MALAM UMARU FALKE

GABATARWA

A garin Evanston, kusa da birnin Shikago na ƙasar Amurka, akwai wata jami'a da ake kira Northwestern. A laburarenta na nazarin Afirka, wanda aka raɗa wa sunan Herskovits, an adana takardu sama da 3,000 waɗanda a da can suke jibge a gidan mutum guda a birnin Kano. Mutumin nan shi ne Malam Umaru Falke, wanda aka haifa a 1893, ya rasu a 1962. Malami ne, marubuci, kuma ɗan kasuwa mai fatauci kamar yadda laƙabinsa ya nuna. Har ila yau Batijjane ne, yana daga cikin malaman Kano da suka bi Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. Bayan rasuwarsa da wasu shekaru aka kwashe taskarsa ɗungurungum aka ƙetare teku da ita, kuma a 1978 wani ɗan Nijeriya, Abdullahi Mohammed, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kanta a wannan jami'a.

Duk sa'ad da aka ta da zancen wannan taska a tsakanin ɗalibai, sai a ga an kasu gida biyu. Wasu takaici suke yi, suna cewa an raba Kano da dukiyarta. Wasu kuwa hamdala suke yi, domin a ganinsu da an bar takardun a gida, da tuni gara da yoyon ɗaki da rabon gado sun gama da su. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Sai dai akwai wata asara wadda ba a cika ambatonta ba, wadda kuma da ta auku ko da a ce a wani laburare na Kano aka ajiye takardun. Asarar kuwa ita ce ta ranakun littattafan. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, taskar malami irin Malam Umaru kalandarsa ce, kusan kowane littafi a cikinta yana da ranarsa ko watansa, kuma sanin wannan tsari yana kan ɓacewa fiye da yadda takardun kansu ke ɓacewa. Tattara shi aiki ne da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i tun masu saninsa suna da rai.

TASKA A HANNUN MAI ITA

Wanda ya leƙa zauren malamin ilmi zai ga gafakoki rataye, da littattafai ɗaure cikin tadarishi, da adaka ko akwati a kusurwa. Baƙo zai ɗauka cewa a hargitse suke, alhali mai su ya san inda kowanne yake, domin ya jera su ne bisa lokacin da zai bukace su. Wanda ake karantawa kullum yana nan a gefen buzu, na mako-mako yana rataye kusa da hannu, na shekara-shekara kuwa yana ƙasan adaka har watansa ya tsaya.

A fara da yini. Kowane Batijjane yana da lazimi safe da yamma, watau istigfari ɗari, da salati ɗari, da hailala ɗari, yana da wazifa, ran Juma'a kuma yana da zikiri bayan la'asar. Alƙur'ani mai girma izu sittin ne, saboda haka mai karanta izu biyu kullum zai sauke shi cikin wata guda. Tun daga nan ke nan karatu da lissafin kwanaki suka zama abu ɗaya.

Sai mako. Dala'ilul Hairati na Shehu Jazuli, malamin Maroko da ya rasu a 1465, an kasa shi kashi takwas, ana fara shi ran Litinin a ƙare shi wata Litinin ɗin, har ma wanda ya riƙe shi da gaske yana iya gane ranar da ake ciki daga shafin da ya tsaya. Suratul Kahfi ta Juma'a ce. Makarantar allo ita ma tana tafiya da mako, ana kai kuɗin Laraba, a huta Alhamis da Juma'a, kuma a irin waɗannan ranaku na hutu ne malami kan sami sararin kwafar littafi ko bitar nasa karatun.

Shekara ita ce ta fi nuna wannan tsari a fili. A watan Muharram, wanda Hausawa ke kira watan cika-ciki, ana fito da addu'o'in sabuwar shekara da na Ashura. A ƙarshen Safar akwai Larabgana, ranar da wasu malamai kan buɗe kundi su yi rubutun sha na neman tsari. Da watan Rabi'ul Awwal ya tsaya sai littattafan madahu su fito, musamman Ishriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wadda aka tsara bisa haruffan Larabci, baiti ashirin ga kowane harafi, da kuma Alburda da Hamziyya na Busiri. Ana rera su dare-dare har zuwa Maulidi, wanda Takutaha ke biyo bayansa a Kano, Sallar Gani kuma a Daura da Gumel. A Rabi'us Sani 'yan Ƙadiriyya ke yin maukibinsu na tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, sai littattafan tarihinsa da darajojinsa su sami kasuwa. A Rajab, watan azumin tsofaffi, ana karanta labarin Mi'iraji. Ramalan kuwa watan tafsiri ne, mai jan baƙi na ja, malam na fassarawa, galibi da Jalalaini a gabansa, ko Liya'ut Ta'awili na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A watan ne kuma ake karatun Ashafa na Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, al'adar da ta daɗe a ƙasashen Sudan, domin tun zamanin daular Songhai ake yin ta a masallacin Sankore na Tumbuktu. Da Zulhajji ya gabato sai a duba babin layya da na aikin hajji.

Bayan wannan kalanda ta wata akwai ta biyu, watau ta rana da taurari. Shekarar hijira kwana 354 ce, tana gaza shekarar rana da kimanin kwana goma sha ɗaya, saboda haka ba ta gaya wa manomi lokacin shuka, ba ta kuma gaya wa falke lokacin da hanya za ta bushe. Domin wannan ne malamai suka riƙi ilmin hisabi, mai taurari ashirin da takwas, bakwai ga kowane yanki na shekara, kowane tauraro kwana goma sha uku in ban da guda ɗaya mai goma sha huɗu, jimla 365 ke nan. Takardar hisabi ba ta da girma, amma mutanen unguwa sukan zo tambaya a kanta kafin su zuba iri a ƙasa. Mutum irin Malam Umaru, wanda ya haɗa malanta da fatauci, ya rayu ne a tsakanin waɗannan kalandu biyu.

SHAIDAR DA KE JIKIN TAKARDA

Mai shakkar wannan bayani ya duba ƙarshen rubutattun littattafan ƙasar Hausa. Sau da yawa mai kwafa yakan faɗi ranar da ya gama, ko Laraba ce ko Lahadi, ya faɗi ko da hantsi ne ko bayan azahar, wani lokaci ya ƙara da sunan wata, sa'an nan ya nemi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa, amma ya bar shekara bai ambata ba. Masu tsara jerin littattafai sun sha kokawa da wannan hali, domin yana hana su sanin shekarun takarda, har sai sun koma ga tambarin da ke jikinta, kamar tambarin wata uku na takardar da ake kawowa daga Italiya. Amma abin da suke gani gibi ne yana bayyana yadda marubucin ya ɗauki lokaci. A wurinsa rana da wata su ne masu daraja, domin su ne ke zagayowa, su ne kuma ibada ta rataya a kansu.

Idan aka so faɗin shekara kuwa, sai a yi ramzi, watau a ɓoye adadin cikin haruffa. A lissafin Magariba, wanda shi ake bi a nan, harafin shinun dubu ne, ra kuwa ɗari biyu, shi ya sa ramzin waƙoƙin malaman jihadi, waɗanda aka yi a ƙarni na goma sha uku na hijira, yake ɗauke da waɗannan haruffa biyu. Ɗalibin da bai san wannan ba zai karanta ramzi ya wuce, yana zaton wata baƙuwar kalma ce.

Daɗin daɗawa, gefen shafi da bayan littafi su ne rajistar gida. A nan ake samun ranar da aka haifi wane, da ranar da wance ta rasu, da shekarar da aka yi fari ko husufin rana. Jikin takardar ma yana ba da labari. Littafin da ake buɗawa kullum gefensa yakan yi duhu saboda gumin hannu, wanda ake fitarwa sau ɗaya a shekara kuwa yakan zauna fes sai dai ƙura. Wannan duk shaida ce, amma shaida ce bebiya, tana bukatar wanda ya zauna a zauren ya fassara ta.

ABIN DA JERIN LABURARE KE KAMAWA

An yi aiki mai yawa wajen ceton rubutattun littattafai, kuma rashin adalci ne a raina shi. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. Akwai taskoki a Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos, da Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Bayero, da hukumar tarihi ta Sakkwato wadda ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu. A Yamai kuma akwai dubban takardun da Bubu Hama ya assasa tattarawa. Taskar Malam Umaru ita ma an tsara ta, an rarrabe fiƙihun Malikiyya da tauhidi da sufanci da madahu da nahawu da magunguna da asirai, har an sa jerin sunayen a intanet.

Jeri irin wannan yakan faɗi sunan littafi, da mawallafi, da fanni, da yawan shafuka, da girman takarda, da mai kwafa idan an san shi. Wannan ya wadatar da mai neman nassi. Amma da zarar an jera Ishriniya a layin madahu, Ashafa a layin tarihin Annabi, takardar hisabi a layin taurari, to an raba su da watanninsu. Mai bincike zai iya sanin cewa malam ya mallaki kofe uku na littafi guda, ba zai san cewa ɗaya na karatun kansa ne, ɗaya na aron almajirai, ɗaya kuma ba ya fitowa sai daren Maulidi ba. Misalinsa kamar wanda ya shiga gidan sarki ne ya lissafta tambari da algaita da kakaki, ya auna tsawon kowanne, bai tambayi ranar da ake kaɗa su ko dalilin busa su ba.

Abin da ya sa wannan ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye shi ne, yawancin littattafan nan da Larabci aka rubuta su, amma da Hausa aka karantar da su. Hausar tafsiri da ta karatun Ashafa, da irin karin muryar da ake fassara Ishriniya da shi, wani babban reshe ne na adabin baka, kuma ba ya fitowa sai a ranar littafin. Kalmomi da yawa na Larabci ta wannan ƙofa suka shigo bakin talaka, wanda bai taɓa riƙe littafi ba amma yana zama a gefen majalisi kowace shekara. Waƙoƙin ajami na wa'azi da na madahu su ma suna da lokutan da aka fi rera su. Wanda ya nazarci waƙa bai san daren da ake rera ta ba, da waɗanda ke amshi, da abin da ake rabawa na sadaka idan an gama, ya nazarci rabinta ne kawai.

DALILIN GAGGAWA

Malam Umaru ya rasu a 1962, almajirin da ya zauna gabansa yana ɗan shekara ashirin a lokacin, in yana raye, ya haura tamanin. Haka abin yake ga taskar Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, da ta Malam Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, sai dai su masu ba da labarinsu suna da sauran yawa. Takarda tana iya jira shekara ɗari a ɗaki mai sanyi, amma tsohon da ya san ranarta ba zai jira ba.

Ga kuma matsalar rabon gado. Littafi dukiya ne a shari'a, ana yi masa ƙima a raba wa magada kamar sauran kaya, sai fa in mai shi ya yi waƙafi da shi. Tun da yake littattafan nan warwara ne, ba ɗinkakku ba, abin da ke riƙe da jerin shafukansu shi ne kalmar nan guda da mai kwafa kan rubuta a ƙasan shafi domin nuna farkon na gaba. Idan taska ta watse gida biyar, littafin Ramalan ya tafi wani gari, na Maulidi ya faɗa hannun wanda ba ya karatu, to kalandar ta rushe ko da ba a rasa ko shafi ɗaya ba. Darajar taskar Malam Umaru a wurin masana ita ce an same ta a dunƙule. Irinta nawa ne suka watse a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram ba wanda ya rubuta ko sunayensu?

Zamani ma ya kawo nasa sauyi. Matashi yakan karanta rabonsa na Dala'ilu daga wayar hannu, ya saurari tafsirin bara a kowane wata ya ga dama. Wannan sauƙi ne, ba kuma abin zargi ba ne. Sai dai littafin da ake samu kowane lokaci ba ya sa a jira shi, kuma yaron da ya tashi a haka ba zai san cewa akwai zamanin da fito da Ashafa daga adaka yake nufin azumi ya zo ba.

AMSA GA MASU JA

Za a sami masu cewa wasu daga cikin waɗannan ranaku, kamar Maulidi da Larabgana, akwai saɓani a kansu tsakanin malamai, musamman tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, saboda haka bai kamata jami'a ta tsoma baki ba. Amsa ita ce, rubuta abin da mutane suka yi daban, yanke hukunci a kansa daban. Hukunci na malaman addini ne. Aikin mai nazarin al'ada shi ne ya adana labarin yadda aka rayu, domin mai goyon baya da mai suka duka su sami gaskiyar abin da suke magana a kai. Bugu da ƙari, waɗanda ba sa yin Maulidi su ma suna da tasu kalandar karatu. Tafsirin da Shehu Abubakar Gumi ya riƙa yi a Masallacin Sarkin Musulmi Bello na Kaduna kowane Ramalan, wanda rediyo ya kai shi ƙauyuka, shi ma littafi ne da watansa, ya kuma cancanci a rubuta tarihinsa.

Wasu kuma za su ce laburare ba zai yiwu a jera shi bisa watanni ba, domin mai nema zai ɓata. Wannan gaskiya ne, ba kuwa a nemi a rushe tsarin fannoni ba. Abin da ake nema shi ne ƙarin gurbi guda a cikin jerin, inda za a rubuta lokacin da ake karanta littafin, da wurin, da wanda ya ba da bayanin. Gurbi ɗaya ba zai ci kuɗi ba, abin da zai ci shi ne tafiya da zama gaban tsofaffi.

Akwai kuma masu cewa abin da ya fi muhimmanci shi ne a dawo da takardun gida tukuna. Neman kofensu, ko na hoto ne, haƙƙi ne da ya kamata jami'o'in ƙasar nan su nace a kansa. Amma a tuna da abin da ya faru a Tumbuktu a Janairun 2013, lokacin da aka ƙone ko aka sace takardu wajen 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, da yawa daga cikin sauran kuwa sai da aka yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Bamako kafin suka tsira. Zaman takarda a gida bai isa ya tsare ta ba. Sa'an nan kuma, ko yau aka sauke akwatunan Malam Umaru a filin jirgin saman Kano, ba za su zo da ranakunsu ba, domin ranakun suna nan a bakin mutanen Kano, ba su taɓa ƙetare teku ba. Wannan kashi na taskar ba wanda ya ƙwace shi, sakaci ne kaɗai zai ɓatar da shi.

TASKAR 'YAN BOKO DA RANAKUN TUNAWA

Darasin bai tsaya ga malaman zaure ba. Ɗan boko mai tara littattafan Hausa yana da kalanda ta uku, ta ranakun tunawa. Hukumar UNESCO ta ware 21 ga Fabrairu domin harshen uwa, da 23 ga Afrilu domin littafi, kuma tun 2015 ake bikin Ranar Hausa ta Duniya a ranar 26 ga Agusta. Abin lura shi ne, a yawancin irin waɗannan bukukuwa akan ga babbar riga da hula da tuwo da dambe, a saurari jawabai, a watse ba a buɗe littafi ko ɗaya ba. Malamin zaure bai san biki irin wannan ba. A wurinsa ba a cewa rana ta zo sai an fito da littafinta an karanta shi a bainar jama'a.

Tarihin ƙasar Hausa cike yake da ranakun da ke neman littattafansu. Ranar 20 ga Afrilu 1817 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu, ga Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka fassara da Hausa, ga kuma Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato, ranar 27 ga Yuli ta wannan shekara aka yi yaƙin ƙarshe na Burmi, ga Ganɗoki na Bello Kagara wanda ya ɗauko zarensa daga zuwan Turawa. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, watan da ya dace a waiwayi rubuce-rubucen editanta Abubakar Imam. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya ci ran Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kafin ya zama Firayim Minista shi ne marubucin Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933. Ranar 17 ga Afrilu 1983 Malam Aminu Kano ya rasu, ga Motsi Ya Fi Zama. Ƙungiyar ɗaliban Hausa da za ta ɗauki rana guda a kowane wata ta karanta littafin da ya dace da ita, a shekara huɗu ta digiri ta karanta littafi arba'in da takwas, adadin da ɗalibai da yawa ba sa kaiwa.

Masu tara littattafan Adabin Kasuwar Kano su ma suna da nasu aikin. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai an buga su ba shekara a jikinsu, kamar dai yadda masu kwafa na da suka yi. Wanda ya sayi littafi ya rubuta ranar da ya saya da kasuwar da ya saya a bangon ciki, ya yi wa masu bincike na gaba hidimar da ba su da wata hanyar samunta.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna neman batun kundin digiri, har a riƙa maimaita batu ɗaya a jami'o'i daban-daban. Sashen Hausa yana iya ware wasu daga cikinsu, kowanne ya ɗauki taska guda a garinsu, ta malami ko ta malama, domin matan da ke karantarwa a cikin gidaje su ma suna da littattafai da ranakunsu, tun daga zamanin Nana Asma'u da 'yan taru. Ɗalibi zai nemi izinin magada cikin ladabi, ya lissafta littattafan yadda ya same su a jere, ba tare da ya sake musu wuri ba. Game da kowanne zai tambayi ranar ko watan da ake karanta shi, da lokacin yini, da wurin zama, da mai jan baƙi da mai fassara, da wanda aka karɓo karatun daga gare shi. Zai kwafe abin da ke ƙarshen littafi da gefen shafi, ya ɗauki muryar karatun a ranarsa idan har ana yi. Abin da magada suka ce sirri ne, musamman kundin asirai, sai a bar musu abinsu.

Ya kamata kuma malaman sashe su haɗa kai da sashen Larabci da na ilmin laburare, domin ɗalibin Hausa shi kaɗai ba lalle ne ya iya warware ramzi ko gane hannun mai kwafa ba. Haka nan yana da kyau a riƙa nusar da masu taskoki game da waƙafi tun suna da rai, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

KAMMALAWA

An nuna cewa taskar malami tana tafiya ne da yini da mako da wata da tauraro, cewa jerin laburare yana kama sunan littafi ya saki lokacinsa, kuma cewa masu sanin wannan lokaci suna ƙarewa. Takardun Malam Umaru Falke suna Evanston, an tsare su daga gara da ruwa, mai bukata yana iya neman hotonsu. Amma wanda zai faɗi littafin da Malam yake buɗawa bayan asuba, da wanda yake tafiya da shi fatauci, da wanda ba ya fitarwa sai an ga watan azumi, in har akwai shi, yana cikin wani lungu na birnin Kano, tafiyar ƙasa da awa guda daga ajin da ake koyar da adabin Hausa. Ramalan mai zuwa za a sake buɗe Ashafa a zauruka da masallatai, ya kamata a sami ɗalibin Hausa zaune a gefe da alƙalami da na'urar ɗaukar magana. Allah ya jiƙan malaman da suka tara, ya ba na baya ikon riƙewa, amin.